Sai Ranar da Kaza Ta Taka

Muhibba ita ce kyaftin ɗin Taurarin Gudu, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta mata da ke unguwar Gudu a Abuja, kuma ita ce ginshiƙin bayansu. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, amma in ta tsaya a gaban mai tsaron raga ta daka tsawa, har masu sayar da ruwan leda a bakin fili sai sun waiwayo. Bana ne ƙungiyar ta fara buga babbar gasar mata ta ƙasa, bayan shekarun da ta yi tana fama a rukunin ƙasa, inda ake wasa a filin makaranta awaki na ratsawa. Mai ƙungiyar, wani ɗan kasuwa da ba ya son asara ko ta allura, ya faɗa musu tun farkon kaka ba ɓoye-ɓoye: in suka koma ƙasa ya cire hannunsa, kowacce ta kama gabanta.

Da farko abin ya yi kyau. A ci su can, su rama a gida, suna nan tsakiyar teburi ba yabo ba fallasa. Sai ana tsakiyar kaka, a wani wasa da suka je kudu, Muhibba ta yi tsalle za ta sa wa ƙwallo kai, ta sauko a kan ƙafar wata. Ita kanta ta ji ƙarar. Da aka dawo Abuja aka ɗauki hoton ƙashi, Nazeefa, mai kula da lafiyar 'yan wasa, ta ɗaga shi a haske ta nuna mata tsagewar, a saman idon sawun hagu. Ta ce filasta za a sa, a huta, kuma in Allah ya so za ta riski ƙarshen kaka.

Ba a kai ga sa filastar ba Lantana ta iso. Lantana ita ce mahaifiyar Muhibba, mai waina ce a kasuwar Gudu, Bazazzagiya, kuma in ta yanke magana to ta yanku. A wajenta asibiti wurin allura ne da ƙarin ruwa, amma ƙashi na maɗori ne, haka ta taso ta gani. Nazeefa ta yi bayani har bakinta ya bushe. Lantana ta saurare ta tsaf, ta yi mata godiya, ta sa mata albarka, sannan ta tallabi 'yarta ta sa a mota. Washegari suka kama hanyar Kwali, da wata jar kaza ɗaure a cikin kwando.

Maɗorin sunansa Baba Yamusa, a wani ƙauye gaba da Kwali kaɗan, inda mata ke gasa tukwane a bayan gida. Tsoho ne mai manyan yatsu. Ya laluba ƙafar Muhibba, ta cije leɓe, ya gyaɗa kai. Sai ya ce a miƙo kazar. Ya kama ƙafarta ta hagu, ya ɗan murɗa, ƙas! Muhibba, wadda ta sha taka da gwiwa da gwiwar hannu a fili ba ta yi ƙara ba, sai da ta runtse ido. Ya shafa wa ƙafafun biyu man kaɗanya mai haɗe da magani, ya jera tsinkayen gora, ya ɗaure ta mutum, ya ɗaure ta kaza.

"Kai da shi yanzu ciwo ɗaya ne," in ji Baba Yamusa, da irin Hausarsa. "In na kwance, tafiya ƙanana ba laifi. Amma gudu, tsalle, wannan ƙwallo naka, a'a. Sai ranar da kaza ya taka ƙasa daidai, ba ɗingishi. Ranar nan kai ma ka warke."

Muhibba ta yi makaranta, ta yi Islamiyya, ta san babu wata jijiya da ta haɗa ta da kaza. Da maganar tsohon ce kaɗai, da ta bar ta a can ƙauyen. Amma a mota suna dawowa, kwandon na kan cinyar Lantana, uwar ta juyo ta dube ta.

"Kin ji abin da ya ce."

"Na ji, Umma."

"To ki ji nawa. In kika taka fili kazar nan ba ta miƙe ba, ban yafe ba."

Muhibba ta ce to. Me za ta ce? A lokacin ƙarshen kaka da sauran nisa, kuma kowa ya san ƙashin kaza ba ya jimawa.

Ashe wannan ba irin sauran kaji ba ce. Aka kwance ɗori, na mutum da na kaza. Ƙafar Muhibba ta sace, ta fara takawa da sanda, ta ajiye sandar. Kaza kuwa ta tashi da ɗingishi, irin na ƙasaita, tana jan ƙafa tana karkata kamar mai ɗauke da tulu a kafaɗa ɗaya. Ga shi ta samu gata. Ba a barinta ta fita tsakar gida kada yara su kore ta, dusa da gutsuren waina har gabanta ake kai mata. Ta yi ɓul-ɓul, gashinta na sheƙi, ko alamar niyyar warkewa babu a tare da ita.

Su kuwa Taurari, tun da aka rasa Muhibba bayansu ya zama ƙofar kasuwa. Aka ci su a gida, aka je aka lallasa su a waje, aka dawo suka yi canjaras da ƙyar. Muhibba tana zaune a gefen benci da kayan gida tana kallon yadda ake ratsa wurin da take tsayawa, ta yi ihu har muryarta ta dushe, a banza. In wasan waje ne, tana ɗaki riƙe da waya, gabanta na faɗuwa duk lokacin da saƙo ya shigo. Mako-mako suna zamewa, har suka wayi gari a bakin ramin komawa ƙasa.

Abin da ke cinta ba sunan ƙungiya ba ne. Ta san 'yan matan nan ɗaya bayan ɗaya. Ta san wadda gidan ƙungiya ne kawai makwancinta a Abuja, ta san wadda aka ba wa shekara guda a gida, in ƙwallo bai yi ba ta dawo. Ita kanta ba ta iya komai ba sai wannan, kuma ba yarinya ba ce da wata ƙungiya za ta yi rububinta da tabon karaya a ƙafa.

Nazeefa ta sake kai ta aka ɗauki hoto. Ƙashi ya haɗe sumul. Ta sa ta tsayuwa da ƙafa ɗaya, ta sa ta ɗage, ta murza nan ta danna can, ta ce ko gobe a sa ta a wasa. Muhibba ta ce akwai saura.

"Sauran me?"

"Kazar."

Nazeefa ta yi dariya har da riƙe ciki, sai ta ga ita kaɗai ke yi. Ta sassauta murya ta ce, "To jajayen kaji sun ƙare a kasuwa ne? Mu samo wata mai kama da ita, mu musanya."

"Umma ta san kowane gashi na jikinta. Kuma ko ba ta gane ba, ni ai na sani."

Daga nan kyaftin ɗin Taurarin Gudu ta koma horar da kaza. Kullum da hantsi, in Lantana ta tafi kasuwa, sai ta fito da ita tsakar gida. Ta watsa dawa can nesa don ta tafi ta ɗauko. Ta shafa mata man zafin da Nazeefa ke shafa wa 'yan wasa, ta miƙar da ƙafar ta lanƙwasa. Ta rage mata abinci ko nauyi ne ya yi mata yawa. Matan gidan hayar suka samu abin yi, in sun wuce sai su ce, "Koci, ya mai jiki? Yaushe za ta fara buga mana?" Muhibba ta yi yaƙe. Abin dariya ne, ita ma ta sani, amma ba ta jin dariyar. Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne ta fara yarda. In ta ga kazar ta karkata, sai ta ji wani ɗan zugi a idon sawunta, wurin da jiya lafiya lau yake.

Suka koma wa Baba Yamusa. Ya ɗauki lokaci yana duba kazar fiye da yadda ya duba mutum, ya ce a ƙara haƙuri.

Haƙurin ne babu wurinsa. Wasa ɗaya ya rage, a gida, da ƙungiyar da ke neman kofi, masu wata 'yar gaba da ta fi kowa cin ƙwallo a gasar. Lissafin ba wuya: in Taurari suka yi canjaras sun tsira, in aka ci su sun tafi.

Ana saura 'yan kwanaki, Koci Ebenezer, mai horar da su, ya wanke ƙafa ya zo kasuwar Gudu da kansa. Ya samu Lantana a bakin tanda tana juya waina, Muhibba na gefe tana zuba wa masu saye miya. Ya cire hula, ya rusuna, babban mutum da furfurarsa.

"Mama, sannu da aiki. Don Allah na zo roƙo ne. Last match ne, Mama. Ƙafa ya warke, mun ga hoto, everything is fine."

"Sannu da zuwa, Oga Koci. A zuba maka ta nawa?"

"Mama, ba waina ba. Captain nake so. Ko forty-five minutes."

"Kazar ta taka?"

Koci ya dubi Muhibba, ya dubi sama. "Mama, kaza ba ya cikin team ɗina."

"Ita kuma wannan ba a cikin tim ɗinka na haife ta ba," in ji Lantana, ba tare da ta ɗaga kai daga tanda ba. "In ta nakasa, kai wata za ka sa a wurinta. Ni wa zan sa?"

Koci ya mayar da hularsa. Ta naɗe masa waina a takarda ta ce ya kai wa yara, ya karɓa ya tafi yana girgiza kai. Muhibba ta ji haushin uwarta a ranar, haushi sosai, kuma ta rasa inda za ta ajiye shi, don ta san ba ƙiyayya ce ta sa ba.

Ranar wasa gari ya waye da zafi tun da safe, irin zafin da ke gaban ruwan farko. Muhibba ta fito da kazar, ta tsuguna, ta watsa dawa. Ta yi addu'ar da ita kanta take jin kunyar yinta. Kazar ta dubi dawar, ta miƙe, ta ja ƙafa, ta karkata, ta ja ƙafa. Ko kusa.

Muhibba ta shiga ɗaki ta ɗauko ƙyallen kyaftin da ake ɗaurawa a damtse, ta sa a leda don ta aika wa Nazeefa a ba wata. Ta zauna a bakin ƙofa da ledar a hannu. Ba ta yi kuka mai sauti ba, hawaye ne kawai ke sauka tana share su da bayan hannu, tana kallon ƙasa.

Lantana na tsakar gida tana buga ƙullu. Ta daɗe tana bugawa, fiye da yadda ƙullun ke buƙata. Muhibba 'yar fari ce, kuma Lantana irin matan da ne masu kunyar ɗan fari, ba ta kama sunanta, ba ta rarrashinta a gaban mutane. Sai ta ajiye muciya, ta wanke hannu, ta yafa mayafi, ta sunkuci kazar ta fita.

Muhibba ta ɗauka wani maɗorin za a kai ta. Ba a jima ba uwar ta dawo daga wajen Malam Datti, mahaucin da ke bakin layi, tana riƙe da kazar ta ƙafafu, kai na reto, jini na ɗiga.

Muhibba ta miƙe zumbur. "Umma! Me kika yi?"

"Na gaji da ciyar da ita."

"Umma, Baba Yamusa ya ce…"

"Na san abin da ya ce, ina wurin." Ta jefa kazar a roba. "Ba za ta ƙara yi mini ɗingishi a gida ba. Ke kuma na janye maganata. Na yafe, duniya da lahira. Tashi ki tafi wajen 'yan uwanki."

Ta juya ta ɗora ruwan zafi. A nan Muhibba ta ga uwarta na satar kallon ƙafarta ta hagu, bakinta na motsi da addu'a. Sai ta gane. Lantana ba ta daina yarda da maganar tsohon ba, ko kaɗan. Ta yarda da ita ɗari bisa ɗari, ta kuma sa aka yanka kazar duk da haka. Yanzu duk abin da ya samu ƙafar nan, a wajen Lantana ita ta jawo shi da hannunta, kuma haka za ta ɗauke shi har kabari.

Muhibba ta yi zaton in aka sake ta za ta ji sanyi. Sai ta ji tsoron ya ninku.

Da la'asar aka take wasa, a filin da ƙungiyar ke haya, ba nisa da kasuwa. Hadari ya haɗo ta gabas amma ya ƙi sauka, iska ta tsaya cak. Da 'yan kallo suka ga Muhibba ta fito a gaba da ƙyalle a damtse, suka ɗauki sowa. Ita ba ta ji su ba, ƙafarta take saurare. Duk takun da ta yi sai ta tambayi idon sawun, lafiya? Ƙwallon farko da ta zo mata ta hagu, ta juya jiki ta buga da dama, ta tafi a karkace. Koci ya dafe kai.

A hankali jiki ya tuna aikinsa. Ta fara tsawa, layin baya ya daidaita, 'yan matan da suka yi makonni suna wasa kamar marayu suka ɗago kai. Kafin hutun rabin lokaci Taurari suka samu bugun kusurwa, aka yi cakwakiya a bakin raga, ƙwallo ta shiga. Fili ya kaure. Amma murnar ba ta yi tsawon rai ba, ana dawowa baƙin suka farke, da wani bugu daga nesa da babu wanda ya isa ya tare. Ɗaya da ɗaya. Daga nan aka koma gidan Taurari aka tare, kamar masu bin bashi sun samu ƙofa a buɗe. Ƙwallo ta bugi turke. Mai tsaron raga ta ture wata da yatsa. Muhibba ta fitar da wata da kai, ta fitar da wata da ƙirji, tana satar kallon benci, Nazeefa na yi mata alama da hannu cewa saura kaɗan.

Sai aka zura wa 'yar gaban nan ƙwallo ta bayan kowa. Ta kwasa a guje, Muhibba ta bi ta. Yarinyar ta fi ta sauri, ta shiga da'irar mai tsaron raga, ta gyara za ta buga. Daga inda Muhibba take, ƙafar dama ba za ta kai ba. Ta san haka, kuma ta samu lokacin da za ta ji tsoro. Ta zube ƙasa ta miƙa ta hagu.

Bugun ya sauka a kan idon sawun, ƙwallo da takalmi gaba ɗaya. Ƙwallo ta yi waje. Muhibba ta ji wani abu ya motsa a cikin ƙafar, a daidai wurin, zafi ya harba har ƙeyarta. Ta kifa fuska a ciyawa. Sai ta tuna an gama canjin 'yan wasa, ga bugun kusurwa za a yi. Ta dafa ƙasa ta tashi, ta tsaya a kan ƙafar dama tana nuna wa kowa wadda za ta riƙe. Aka bugo, mai tsaron raga ta cafke ta kwanta a kai. Alƙalin wasa ya busa usur.

Sun tsira. 'Yan mata suka zube suna kuka, wasu na sujada, wasu na waƙar coci, Koci Ebenezer na gudu bai san inda za shi ba. Aka rungume Muhibba ta ko'ina, tana murmushi tana cije haƙora. Nazeefa ce kaɗai ta dubi fuskarta ta daina dariya. Ta zo ta sa kafaɗa a ƙarƙashin hammatarta.

"Wurin ne?"

"Wurin ne."

"Kada ki cire takalmin, zai kumbura. Mu je mota, yanzu-yanzu a ɗauki hoto."

Suka nufi ƙofar fita a hankali, Muhibba na tsalle da ƙafa ɗaya a cikin cunkoson mutane. Suna gab da fita ta hango ta. Can tsallaken titi, kusa da masu gyaɗa, Lantana ce tsaye da mayafin da ta fita da shi da safe. Ba ta taɓa zuwa filin ƙwallo ba, yau ma ba ta shiga ba. A nan ta tsaya tun da aka fara, tana jin ihun mutane ba ta san na murna ba ne ko na jaje. Tana ta leƙen masu fitowa, ba fuskokinsu take kallo ba, ƙafafunsu.

Muhibba ta zare hannunta daga wuyan Nazeefa.

"Ke, kina hauka ne?" in ji Nazeefa.

"Gobe da safe zan zo. Don Allah ki koma ciki."

Ta sauke ƙafar hagu a ƙasa. Duhu ya gilma mata, ta jira ya wuce. Sannan ta fito daga cikin mutane ta tsallaka titin, taku daidai, kafaɗa a miƙe, kamar mai tafiya a kan ƙusa da murmushi a fuska. Lantana ba ta tambayi wa ya ci ba. Idonta na kan ƙafar tun daga bakin ƙofa har ta iso gabanta.

"Kin gani, Umma? Lafiya lau."

Lantana ta saki wani dogon numfashi, ta dafa teburin mai gyaɗa. "Alhamdulillahi," ta ce. "Alhamdulillahi. Tun safe ban iya haɗiyar ko ruwa ba." Ta goge ido da gefen mayafi, da sauri, kada a gani.

"Mu hau keke, Umma. Kin gaji da tsayuwa."

"Wane keke, gidan da ke nan kusa? Mu taka." Ta ja da baya kaɗan, fuskarta ta washe kamar ta yarinya. "Wuce gaba. So nake in yi ta kallonki kina tafiya."

Muhibba ta gyara jakarta a kafaɗa, ta wuce gaba.